Amsa ga ɗan'uwanmu mai niyyar zuwa aikin zaitun a Villacarrillo

Assalamu alaikum. Ƙanina mai tambaya daga Almería, ka ce wani ya yi maka alkawarin aikin zaitun a Villacarrillo, nan ƙasar Sifaniya, a watan Disamba, har da ɗakin kwana, kana so ka san wane irin gari ne, kuma ko tafiyar za ta biya. Tambayar nan ta taɓa ni, don da irin wannan alkawarin aka kai da yawanmu can. Ka yi haƙuri da tsawon amsar.

Garin ƙarami ne, mutum dubu goma da 'yan kai, yana kan tudu a gabashin lardin Jaén, kimanin kilomita 30 gaba da Úbeda in ka ɗauki hanyar Albacete. Duk inda ka waiga zaitun ne layi-layi, iya ganinka. Lardin kaɗai yana da itacen zaitun sama da miliyan 60, kusan duka nau'in picual, kuma in shekara ta yi kyau daga nan ake samun wajen kashi ɗaya cikin biyar na man zaitun ɗin duniya. Matatsar ƙungiyar manoman garin, Nuestra Señora del Pilar, tana cikin mafi girma a duniya. Da yamma za ka ga taraktoci sun yi jerin gwano a ƙofarta suna jiran awo. Amma in ka cire zaitun, garin ba shi da wata babbar sana'a. Abin da ya sa ke nan tun shekarun 1950 da 1960 'ya'yan garin suka yi ta barinsa zuwa Barsalona da Madrid da Jamus da Faransa. Tsofaffinsu sun san ci-rani sarai, wasunsu ma za su ba ka labari in ka zauna da su.

Kafin ka sayi tikiti, ka tambayi wanda ke can yadda itatuwa suka ɗauka bana. Zaitun yakan yi 'ya'ya sosai shekara guda, ta biyu ya huta. Ga kuma fari: a kakar 2022 zuwa 2023 man da Sifaniya ta samu bai kai tan dubu 700 ba, alhali kakar da ta gabata ya kusa tan miliyan ɗaya da rabi. A irin wannan shekara mai gona da iyalinsa sun isa su gama nasu, baƙo sai kallo.

Aikin kuwa, ana shimfiɗa manyan raga, fardos, a ƙarƙashin itace, wani ya girgiza rassa da injin da ake kira vibradora, wasu su bi da dogon sanda suna kakkaɓo saura, sannan a ja ragar a juye a tirela. Injin nan ya haura kilo goma, kuma a kafaɗa yake wuni. Gonakin gangare ne, ragar da ta jiƙe da raɓa ta cika da zaitun ba ƙaramin nauyi ba ce. Ka je da takalmin roba mai tsawo, safar hannu biyu don ɗaya ta bushe, da tabarau, saboda tsinken reshe yana shiga ido. Yarjejeniyar aikin gona ta Jaén ta ce wuni awa shida da rabi ne, kuɗinsa wajen shekarar 2023 ya kasance tsakanin yuro 55 da 60. Ka nemi jadawalin bana a ofishin ƙungiyar ƙwadago ta CCOO ko ta UGT. Ran da aka yi ruwa ba a shiga gona, ba kuma a biya. Don haka ka yi lissafinka da kwana ashirin a wata, kada ka yi da talatin.

Yanzu ga inda zuciyata ke ƙuna. Wanda ya yi maka alkawarin nan, shi ne mai gonar ko ɗan tsakani ne? Don ɗan tsakani, wanda sau tari baƙar fata ne irinmu, shi ke kashe mutane da ransu. Ya karɓi kuɗin wuni cikakke a hannun mai gona, ya cire na mota, ya cire na ɗaki, ya cire na "ni na samo maka", ya miƙo maka abin da ya ga dama. In ka yi magana ya ce akwai mutum goma a tasha masu jiran gurbinka, kuma ka san ba ƙarya ya yi ba. Mafi ciwo shi ne kwanakin da ba a rubuta ba. Mai gona zai yi maka alta, wato rajistar ma'aikaci a hukumar inshorar ma'aikata, ka ga saƙo a wayarka ka saki jiki, amma kwanakin da ka yi na haƙiƙa sai farkon wata mai zuwa yake shigar da su. Ka yi ashirin, ya rubuta biyar. Ba za ka gane ba sai ran da ka je sabunta takarda ko neman tallafi, a ce kwanakinka ba su kai ba, alhali bayanka ya san ya yi su. Wallahi wannan zalunci ne a kan wanda ba ya iya karanta takardar da ake miƙa masa. Ka riƙe ɗan littafi, kullum ka rubuta rana da sunan gona da awa, ka ɗauki hoto a wurin, duk wata ka ciro vida laboral, takardar da ke nuna kwanakin aikin da aka rubuta maka, ka gwada. In sun saɓa, Inspección de Trabajo, hukumar binciken harkar aiki, tana karɓar ƙara. Kuma kada ka yi aiki da takardar wani. Kwanakin shi za a rubuta wa, in ka ji rauni kuma babu wanda ya san ka.

Ina roƙonka da Allah, kada ka je karɓar kuɗi ko rigima da mai gona kai kaɗai. A wannan garin wani ɗan Mali ya ɓace a Disamba 2013, wani ɗan Senegal a Janairu 2021, dukansu masu tsinkar zaitun ne da suka sami saɓani da mai aikinsu. Ka tafi da mutum biyu, ka gaya wa na uku inda kuka nufa.

Maganar ɗaki, ka sa a turo maka bidiyonsa tun kana Almería. Albergue, wato masaukin masu aikin kaka, kwana uku yake ba mutum, bayan haka sai tasha ko ƙofar banki, a gari mai tsayin kusan mita 800 inda ƙanƙara ke kwanta da asuba. Ƙungiyoyin agaji na Cruz Roja da Cáritas suna taimakawa da bargo da abinci, amma ba su da gadon kowa. In aka sauke ku a cortijo, wato gidan da ke cikin gona, kada ku kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe, hayaƙinsa ba ya wari kuma yana kisa.

Mutanen garin ba miyagu ba ne, masu gaisuwa ne, sai dai tsoron ba baƙo haya ya yi musu yawa. Kiristoci ne masu riƙo da bukukuwansu, bikin cocinsu na Corpus Christi shi ne abin alfaharinsu, a watan Satumba kuma suna sakin bijimai a titi. Musulmi sun riƙe yankin har ƙarni na 13, kuma in ka hau garin Iznatoraf da ke kan dutse kusa da su za ka ga lungunan wancan zamanin. Sunan garin ma daga babban limamin cocin Toledo ne, Alonso Carrillo, wanda ya ba shi matsayin gari a 1449. Babban cocinsu aikin mai tsara gine-gine Andrés de Vandelvira ne, na ƙarni na 16. Abinci dai ka riƙa tambaya, don alade yana shiga har miyar wake, wani burodin ma da kitsensa ake yi. Shaguna suna rufewa da rana tsaka, ka yi cefanenka da yamma bayan an tashi.

Padrón ɗinka na Almería kuma, wato rajistar mazauninka a ƙaramar hukuma, kada ka bari ya yanke saboda aikin wata biyu, tunda da shi za ka nuna zamanka in za ka nemi arraigo, wato izinin zama ga wanda ya daɗe a ƙasar, wanda zaman da ake buƙata don shi tun Mayu 2025 ya koma shekara biyu. Ba ka faɗa mana ko kana da izinin aiki ba. Ka rubuto, don in babu, shawarata ka zauna inda kake da gado tukuna.