Kawu, ga yadda zancen gonar inabi yake

Assalamu alaikum Kawu. Na ga saƙonku, kuma na san abin da ya dame ku: an ce muku yaranmu a Italiya aikin giya suke yi. Zancen akwai ƙamshin gaskiya, amma bari in warware muku shi.

Yankin da muke ana ce masa Piemonte, wato gindin tsauni, don kuwa yana kwance ne a ƙarƙashin tsaunukan Alps. Kudu da birnin Turin akwai tuddan Langhe, tudu bayan tudu, kowanne an jera masa kurangar inabi layi-layi kamar kitso. Da kaka hazo kan cika kwari da safe, sai ka hango kan tudu kawai da hasumiyar coci. Inabin da suka fi ji da shi, Nebbiolo, an ce daga kalmar hazo ya samo suna. Sai Oktoba ake tsinkarsa, da shi ake yin giyar Barolo, wadda doka ta hana a sayar sai ta yi wata 38 a ajiye. A 2014 UNESCO ta sa gonakin nan cikin kayan tarihin duniya. Gero a Maraɗi, inabi a nan: gadon kakanni ne.

To mu fa? Mun san hadisin da ya la'anci mai matsa giya da mai ɗaukarta, ba mu ɗauke shi da wasa ba. Da yawanmu sun yanke cewa ba sa shiga ɗakin matsa, ba sa ɗaukar kwalba. Wasu sun ce tsinkar ma a bari, tunda an san inda inabin za shi, sai su tafi Saluzzo tsinkar tuffa, ko gonakin wata ƙwaya mai kama da gyaɗa da kamfanin Ferrero na Alba ke sa wa cikin Nutella, man cakulan da ake shafa wa burodi. Ni ma a kan wannan ra'ayi na tsaya. Amma Kawu, yaron da ya ƙetare teku, takardunsa ba su fito ba, ɗan kwangila na cin rabin guminsa, gida kuma ana jiran aike, ba na iya zaginsa don ya riƙe almakashi a gonar inabi. Mukan nemo masa wani aikin, wannan ya fi tsangwama amfani.

Kun kuma tambaya ko mutanen suna da addini. Suna da shi, tsofaffi musamman. A Varallo akwai tudun da wani fada, Bernardino Caimi, ya fara gine-gine a kansa a ƙarshen ƙarni na 15 bayan ya dawo daga Ƙudus, don wanda ba shi da halin zuwa can ya ga kwatancinta. Ɗakunan ibada fiye da 40 ne, cike da mutum-mutumi. A Oropa kuma, saman Biella, suna ziyartar siffar Nana Maryam baƙa wuluk. Na je na gani, ban rusuna ba, ba kuma wanda ya ce in rusuna.

In maƙwabci ya gayyace mu cin abinci, tun a ƙofa mukan ce ba giya, ba alade, sai su kawo ruwa. Sallar Idi kuwa a Turin muke yi, a Parco Dora, ƙarƙashin rufin tsohuwar masana'antar ƙarfe, mu da 'yan Maroko da Senegal, dubbai.

Ku gaida Inna. Kuɗin taki zai iso ƙarshen wata in Allah ya yarda, na tuffa ne.