Me ya sa ake farautar ɓoyayyen sinadari da iskar gas?

Ƙanwata ta jami'ar Tafawa Ɓalewa, kin tambaya me ya sa wasu ke cika na'urar neman ɓoyayyen sinadari (dark matter, abin da ke sararin samaniya da ba a gani, sai ta jan nauyinsa ake sanin yana nan) da gas maimakon sinadari mai ruwa-ruwa. Sawu ake nema, kamar yadda ake bin na giwa a Yankari. Idan ƙwayar ɓoyayyen sinadari ta daki zarra cikin gas, zarrar kan yi tafiyar 'yan milimita tana fizge ilektiron (ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki da ke jikin zarra), lantarki ya ja su kan wayoyi, a gane ta inda abin ya fito. A sinadari mai ruwa-ruwa sawun ya cika gajarta.

Masanin kimiyya David Nygren ya ƙirƙiro dabarar jan ilektiron kan wayoyi don ganin sawu a 1974. Gwajin DRIFT a mahaƙar Boulby ta Ingila, zurfin mita 1,100, da ita ya yi aiki.  Cikas ɗin dai gas ba shi da nauyi sosai, zarrar da za a daka a cikinsa kaɗan ce, don haka dole a gina ƙatuwar na'ura.