Hukuncin Haɗa Ruƙya, Kaho da Magungunan Tsirrai da Maganin Asibiti ga Mai Ƙari a Ƙwaƙwalwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. An yi wa maigidana tiyata saboda ƙari a ƙwaƙwalwa, yanzu ana yi masa gashi na na'ura (radiotherapy), yana kuma shan maganin daji da na farfaɗiya. 'Yan'uwa suna kawo habbatus sauda da zuma da jiƙo, wasu suna cewa a yi masa kaho, wani kuma ya ce aljani ne, a bar asibiti a koma ruƙya. Mene ne hukunci, Allah ya gafarta Malam?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri, 'yar'uwa, a kan wannan jinya mai nauyi.

Neman magani umarni ne na Annabi (SAW), wanda ya ce a hadisin Usama bin Sharik da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito cewa bayin Allah su nemi magani, domin Allah bai sanya wata cuta ba face ya sanya mata magani, ban da tsufa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a shekarar 1992, ta yanke cewa magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga mutuwa ko rasa wata gaɓa ko nakasa. Ƙarin da likitoci suka ga sai an yi masa tiyata da gashi yana cikin wannan babi, saboda haka bai halatta a yanke masa maganin asibiti ba domin a koma wani abu daban.

Ruƙya halal ce, kuma ina kwaɗaitar da ku a kanta. Muslim ya ruwaito daga Auf bin Malik cewa babu laifi a ruƙya matuƙar babu shirka a ciki, malamai kuma sun shardanta ta kasance da Alƙur'ani ko sunayen Allah ko lafazin da ake gane ma'anarsa, tare da ƙudurce cewa Allah ne mai warkarwa. Ke da kanki za ki iya yi masa da Fatiha da Falaƙi da Nasi, shi kuma ya ɗora hannunsa a inda ke ciwo ya yi bismillah sau uku, ya nemi tsari da Allah da ikonsa sau bakwai, kamar yadda aka koya wa Usman bin Abil As. Amma maganar aljani ina son ki fahimce ta da kyau, domin a nan ne mutane da yawa suke salwanta. Farfaɗiya da sauyin hali da rikicewar magana alamu ne sanannu na ƙari idan ya danne wani sashe na ƙwaƙwalwa, kuma hoton ƙwaƙwalwa da aka ɗauka a asibiti ya riga ya nuna musabbabin. Daina maganin farfaɗiya kwatsam yana iya jawo bugun da ba ya tsayawa, wanda kan kashe mutum. Duk mai ruƙyar da ya ce a ajiye ƙwayoyi, ko ya nemi dukan majinyaci ko shaƙe shi da hayaƙi, ya yi ta'adi, kuma hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya ɗora lamuni, wato alhakin ɓarnar da ta auku, a kan wanda ya yi likitanci alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba.

Habbatus sauda da zuma da kaho falalarsu ta tabbata a hadisai ingantattu, ba na ja da wannan. Sai dai malamai irin su Khaɗɗabi sun bayyana cewa "waraka daga kowace cuta" da ta zo a hadisin habbatus sauda lafazi ne gamamme da ake nufin keɓantacce da shi, kuma amfani da kowane magani yana bin halin majinyaci da gwargwado da lokaci. Ƙa'idar "ba cuta, ba cutarwa" ita ke hukunci a nan. Maganin daji irin su temozolomide yana rage ƙwayoyin da ke daskarar da jini da waɗanda ke yaƙar cuta, don haka tsaga fata da kaho a wannan hali yana iya jawo zubar jini ko shigar ƙwayar cuta, kuma kaho a kan da aka buɗe da tiyata ake kuma gasawa ya fi haɗari. Dexamethasone da ake bayarwa don rage kumburin ƙwaƙwalwa yana ɗaga sukarin jini, sai a yi hattara da yawan zuma. Jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba kuwa shi ya fi ba ni tsoro, saboda wasu tsirrai suna sauya yadda hanta ke sarrafa magani har ƙarfinsa ya ragu, wasu kuma suna tsinka jini. Hukuncin duk abin da zai shiga cikinsa ko ya fitar masa da jini shi ne a nuna wa likitansa tukuna. Idan ya ce babu cutarwa ya halatta, idan ya hana, hanin ya zama abin bi a shari'a. Kada ku ɓoye wa likita komai don jin kunya.

Abubuwan da ke sauƙaƙa zuciya da jiki, irin su tausa mai laushi daga gare ki, da ɗan tattaki idan yana iyawa, da motsa gaɓoɓi a hannun ƙwararru, da ganin likitan da ke kula da lafiyar tunani idan damuwa ta yi yawa, duk halal ne, kuma babu raunin imani a cikinsu. Nana A'isha (RA) ta ruwaito cewa talbina, wato wani kunu na garin sha'ir, tana sanyaya zuciyar mara lafiya, tana tafiyar da sashen baƙin ciki, wanda ke nuna shari'a ta damu da walwalarsa kamar yadda ta damu da cutarsa.

Ya yi salla a zaune ko a kishingiɗe idan tsayuwa tana sa shi jiri, bisa hadisin Imrana bin Husaini. Idan azumi zai sa ya tsallake lokacin ƙwayoyinsa, ya sha ya rama bayan sauƙi, idan kuma likita ya tabbatar ba zai iya ramawa ba, a ciyar da miskini ɗaya a madadin kowace rana.

Wallahu a'alam.