Filin Makiyayi: Zomo mai asali, da ido ake gane shi ko da takarda?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki, ya iyali? Yarana uku sun hana ni sakat da maganar zomo tun da suka ga bidiyon gasar zomaye ta Amurka a waya. Na je kasuwa na sayo musu farare biyu, mace da namiji, mai sayarwa ya tabbatar mini cewa tsantsar New Zealand ne. Da ta haihu sai ga 'ya'ya bakwai, uku farare, sauran ruwan toka da dabbare-dabbare. An cuce ni ke nan? Kuma ta yaya zan samu masu asali, har abin ya zauna a gida yara su tashi da shi? Daga mahaifin yara uku, Sharaɗa.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya raya yaran, ya yi musu albarka. Kafin ka yanke wa mai sayarwa hukunci, duba abu biyu. Ɗauki zomayen ka fito da su haske ka kalli idanunsu. Farin New Zealand zabiya ne, idonsa ja ne, babu ɗigon wani launi a jikinsa. Zabiya biyu kuwa in suka haɗu zabiya kaɗai suke haifa, ruwan toka ba ya fitowa a tsakaninsu. In ka ga idon ɗaya baƙi ne ko shuɗi, to fari ne kawai, ba zabiya ba. Sai kuma ka ƙirga kwana. Cikin zomanya kwana 28 zuwa 32 ne, galibi 31. In ta haihu tun ba ta cika kwana 28 a gidanka ba, da cikinta ta zo, uban 'ya'yan yana can inda aka baro shi. Wannan ya fi faruwa, domin a kasuwa maza da mata keji ɗaya ake zuba su.

Ko da duka biyun jajayen ido ne da su, wannan bai isa shaida ba. Farin zabiya rufe launi yake yi, kowane irin jini yana iya ɓuya a ƙarƙashinsa. Abin da ake duba wa New Zealand shi ne ƙira: faffaɗan baya, cikakkun cinyoyi, kunnuwa masu kauri a tsaye, baligin namiji kilo 4 zuwa 5, mace kilo 4 da rabi zuwa 5 da rabi. A Amurka aka samar da irin, duk da sunan da yake ɗauke da shi.

Gaskiyar da nake so ka riƙe ita ce asalin zomo a rubuce yake. A ƙasashen da abin ya kafu, zomo mai asali da takardarsa yake tafe, mai ɗauke da uwa da uba, kakanni huɗu, da iyayen kakanni takwas, zomo 14 ke nan, kowanne da lambarsa da launinsa da nauyinsa. Ƙungiyar masu kiwon zomo ta Amurka, ARBA, wadda aka kafa a 1910, ba ta yi wa zomo rajista sai ya kai wata 6, an auna shi, an ga wannan takarda cikakkiya. A wurinmu da wuya ka sami mai miƙa maka irinta. To ba sai ka zauna jira ba, kai za ka fara rubuta taka.

Kada ka sake sayen iri a tire ko a kwando. Je gidan makiyayin da ƙafarka, ka ga uwar, ka ga uban, ka ga 'yan uwan wanda za ka ɗauka, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In ya hana ka ganin iyayen, yi masa sallama cikin mutunci ka wuce. In kana da hanyar Zariya, cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika tana da sashen da ke aiki a kan zomo, wuri ne da ya dace a nemi shawara. Fara da uku, namiji ɗaya da mata biyu waɗanda ba su haɗa uwa ko uba da shi ba. In kuɗin bai kai ka zaɓi na ƙwarai duka ba, zuba shi a kan namijin, domin jininsa ne zai shiga kowane ɗa a gidan.

Sannan ka sayi littafi mai bango mai tauri ka damƙa wa babban cikin yaran. Kowane zomo da shafinsa: ranar haihuwa, uwa, uba, ranar barbara, 'ya'ya nawa aka haifa, nawa suka kai yaye, nauyinsu a wata biyu da a wata shida. A rubuta lamba a cikin kunnen kowanne da alƙalamin tawada mai kauri, a riƙa sabuntawa in ta dusashe. Zomanya tana isa barbara a wata 5 zuwa 6, saboda haka cikin shekara biyu da 'yan kai za ka riƙe zomon da ka san kakannin iyayensa ɗaya bayan ɗaya. A gidana babbar 'yata ce ta fara riƙe littafin. Da aka kai ta ɗakinta ta tafi da zomanya guda, ta bar wa ƙanenta littafin, yanzu kuma ɗanta ne ke zuwa ranar Asabar yana riƙe mana sikeli. Ba yawan zomaye ne ya riƙe su a kan abin ba. Kowa aikinsa ne a hannunsa: ƙarami ruwa, na tsakiya ɗebo ganyen kabeji da na karas a 'Yankaba, babba awo da rubutu.

A wajen barbara, macen ake kaiwa kejin namiji, domin in aka kai shi nata faɗa za ta kama shi da shi. In ya yi ƙara ya faɗi gefe, an dace, a mayar da ita a rubuta rana. A kwana na 28 bayan barbarar a sa mata akwatin haihuwa da busasshiyar ciyawa. Kada a haɗa wa da ƙanwa. Kuma tun yanzu ka gaya wa yaran cewa a kowace haihuwa ɗaya ko biyu ne za su zauna, sauran na sayarwa ne ko na tukunya. In sun sani tun farko, ranar rabuwa ba ta zo musu da kuka mai yawa.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibin sakandare ne, ina da zomaye shida. Me alƙali ke dubawa a gasar zomo? Za a iya yin irinta a Kano? Daga wani ɗalibi, Gwammaja.

AMSA: Ɗana, tambayarka ta faranta mini rai. A gasar nan ba mafi girma ake nema ba, kuma ba mafi kyan gani ba. Kowane iri yana da siffarsa a rubuce, an raba maki 100 tsakanin ƙira, gashi, launi da lafiyar jiki, wanda ya fi kusa da siffar shi ya ci. ARBA ta amince da iri sama da 50. A Amurka ana yi wa zomo lamba ta dindindin da allura da tawada a kunnen hagu. A Ingila kuwa, inda aka kafa majalisar masu kiwon zomo a 1934, zobe ake zura masa a ƙafar baya tun yana ƙarami, ya girma da shi.

Alƙali yana ɗora zomon a tebur mai shimfiɗa, ya daidaita masa ƙafafu, ya shafa bayansa daga kafaɗa zuwa ƙugu yana jin cikar nama. Sai ya shafa gashin ta baibai ya ga yadda yake komawa. Daga nan ya kwantar da shi rigingine ya buɗe leɓe: haƙoran sama dole su hau kan na ƙasa. Ya ƙirga farata, ya leƙa kunne, ya duba hanci da cikin ƙafafun gaba, domin mai majina da su yake gogewa, gashin wurin ya cukurkuɗe. Karkataccen haƙori, ko farce guda da ya ɓace, ko nauyin da ya fita daga iyaka, ya isa a fitar da zomo komai kyansa. Abin da na fi so a tsarin shi ne alƙali da baki yake faɗin dalilinsa a gaban kowa, wanda ya zo na ƙarshe ma ya koma gida ya san abin da zai gyara.

In za ka zaɓi iri don wannan, ina ba ka shawarar Dutch. Ƙarami ne, kilo 2 zuwa 2 da rabi, ba ya cin abinci da yawa, kuma zanensa a fili yake: farin tsiri a goshi, farar gaba, launi daga tsakiyar jiki zuwa baya da layi a miƙe kamar an ja da zare, da farin safa a ƙafafun baya. Tun gashi na fara fitowa za ka gane wanda layinsa ya karkace, ka ga idonka na koyon alƙalanci ke nan. Chinchilla, wanda aka samar a Faransa, shi ma yana yi. Hyla da ake yawan tallatawa haɗin iri ne don nama, yana saurin girma, amma jikokinsa ba sa fitowa iri ɗaya. Flemish Giant na Beljiyam, mai kilo 6 zuwa sama, da Angora mai dogon gashi, ban ga dalilin wahalar da su a zafin garin nan ba.

Za a iya yi a Kano, ƙwarai kuwa. Masu tattabara ba su jira kowa ba kafin su san junansu da irin da kowa ke riƙe da shi. Ku haɗu ku goma ko goma sha biyar a harabar makarantarku, da izinin shugabanta, da safiyar hunturu. Ku rubuta siffar iri biyu ko uku kawai ku raba wa kowa tun da wata guda. Alƙali ya zama dattijon makiyayi wanda bai kawo nasa ba, a miƙa masa zomo da lamba, ba da sunan mai shi ba. Kyauta ta fito daga hannun wani mai tallafawa, kada ku tara kuɗi wanda ya ci ya kwashe, don kada abin ya shiga hurumin caca. In kun yi ƙarfi, baje kolin duniya da ake yi duk ƙarshen shekara a titin Gidan Zoo wuri ne da za ku nemi rumfa mutane su gan ku.

Sharaɗi ɗaya ne ba na sassautawa a kansa: likitan dabbobi a bakin ƙofa. Akwai annobar zubar jini ta zomaye da aka fara ganowa a Sin a 1984, ta ɓulla a Najeriya a 2020 ta yi ɓarna a Kwara da kudu maso yamma. Zomo yana cin abincinsa da dare, da safe a tarar da shi a mace, wani lokaci da jini a hanci. Tana bin keji, takalmi da hannun mutum. Duk zomon da ya je taro ya dawo, ko sabon saye, a killace shi wata guda nesa da sauran.

TAMBAYA: Malam, bara a watan Afrilu zomayenmu huɗu suka mutu cikin mako ɗaya, waɗanda suka rage kuma aka yi ta barbara ba ciki. Kejin yana jikin katanga, rufin kwano ne. Daga wata uwa, Hotoro.

AMSA: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Alamu sun fi nuna zafi. Zomo ba ya gumi, ta kunnuwa da numfashi yake fitar da zafin jikinsa. Ya fi jin daɗi tsakanin digiri 15 da 21, daga 30 ya fara wahala, Kano kuwa a Afrilu da Mayu tana haura 40, ƙarƙashin kwano ya fi haka. In kin ga ya miƙe yana haki, hanci a jiƙe, kai a ɗage, lokaci ya ƙure: shafa masa ruwa mai ɗan sanyi a kunnuwa, a kai shi ɗaki mafi sanyi a gidan. Kada a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara.

Tun watan Maris a janye kejin daga katangar da rana ke duka da yamma, a kai shi ƙarƙashin darbejiya ko rumfar zana. A ɗora zana ko kara a kan kwanon. A rataya jiƙaƙƙen buhun algarara ta ɓangaren da iska ke shigowa, a sa tayil guda a cikin kowane keji ya kwanta a kai, in akwai wuta a daskarar da ruwa a roba a ajiye masa da azahar. Ruwan sha kada ya yanke, a ƙaramin kasko mai nauyi da ba zai kifar ba. Dusa da abincin kamfani a bari sai bayan magariba da asuba, da rana harawar gyaɗa da ɗan ganyen dankali ko zogale da aka bari ya sha iska.

Rashin cikin kuma galibi daga namijin ne. Zafi yana kashe masa ƙwayar haihuwa, yana iya ɗaukar wata biyu ko fiye kafin ya dawo daidai, don haka kada ki sayar da shi. Ni ina tsayar da barbara daga tsakiyar Maris sai ruwa ya sauka sosai, domin mai tsohon ciki ita zafi ke fara kayarwa.

TAMBAYA: Zomanyata ta haihu kwana uku, ban taɓa ganin ta shayar da su ba. In ba su madara? Daga wata ɗaliba, Kurna.

AMSA: 'Yata, dakata da madarar. Zomanya sau ɗaya ko biyu take shayarwa a kwana, na 'yan mintuna, galibi cikin dare ko da asuba, sauran lokaci tana nesa da akwatin. Wanke hannu ki duba su da safe. In cikinsu ya yi tulu-tulu, fatarsu a miƙe, jikinsu da ɗumi, suna sha. In fatar ta yamutse suna ta rarrafe suna nema, riƙe uwar a hankali a kan akwatin minti biyar su kama. In ta ƙi, raba su ga wata zomanyar da ta haihu a kwanakin, ki sa musu alama a kunne don kada lissafin iyaye ya rikice miki. Wanda ya faɗo waje ki mayar da shi da hannunki, uwar ba ta ɗaukar ɗa ta mayar. Idanunsu za su buɗe wajen kwana 10, yaye kuma sai sun yi mako 6.