An ɗiga wa 'ya'yana rigakafin kwalara sau ɗaya: ya wadatar?

Tambaya: Likita, ina zaune a Maradi, ina da 'ya'ya uku kuma ina da juna biyu. Na ji an ce rigakafin kwalara sau biyu ake sha, amma yarana sau ɗaya aka ba su. Ga shi ɗan maƙwabciyata ya sha, daga baya kuma gudawa ta kama shi. Shin maganin nan yana aiki? Ni ma zan iya sha da cikin nan?

Amsa: Malama, Allah ya sauke ki lafiya. Yana aiki, kuma za ki iya sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince mai ciki da mai shayarwa su sha, domin ƙwayoyin cutar da ke cikinsa matattu ne, ba sa iya haddasa kwalara. Abin da ya fi ba ni tsoro a kanki shi ne cutar kanta: ruwan jikin mai ciki idan ya tsiyaye, ɗan da ke ciki ne ke fara jin jiki.

Abin da kika ji gaskiya ne. Asalin tsarin sau biyu ne, da tazarar aƙalla kwana 14, kuma wanda ya sha biyun yana samun kariya ta kusan shekara 3. Sai dai an yi ƙarancin maganin a duniya. Tun 2013 akwai rumbun ajiya guda da ƙasashe ke roƙa daga gare shi, kuma a watan Oktoba na 2022, da annoba ta ɓarke a ƙasashe da dama lokaci guda, masu kula da rumbun suka yanke shawarar a riƙa ba da sau ɗaya domin ya kai ga ninki biyu na mutane. Ba ragi ma'aikatan unguwarku suka yi muku ba. Sha ɗaya yana ba da kariya mai kyau na ɗan gajeren lokaci, musamman ga wanda ya wuce shekara 5. A ƙananan yara kariyar ta fi rauni kuma ta fi saurin gushewa, shi ya sa in an dawo zagaye na biyu kada ki ce ai sun riga sun sha. Wanda bai cika shekara 1 ba, ba a ba shi. Shi nonon uwa zalla a wata 6 na farko shi ne garkuwarsa.

Ɗan maƙwabciyarki kuwa, ba kowace gudawa ce kwalara ba. Ko ita ce ma, jiki na buƙatar kamar mako guda zuwa kwana 10 kafin ya gina kariya, kuma babu rigakafin da ke tare kowa da kowa. Amma idan mutanen unguwa da yawa suka sha, cutar na rasa hanyar tsallakawa daga gida zuwa gida.

Mu a nan mun san ta. A watan Yuli na 2018 ta ɓulla a yankin Madarunfa, ta kama sama da mutum 3,000 a ƙasar, mafi yawansu a jihar Maradi, ta kuma dawo a 2021. Da damina, in ruwa ya cika masai ya malala cikin rijiya, sai ta samu ƙofa. Ni a ganina randar tsakar gida ma ta cancanci a sa mata ido: moɗa ɗaya, yaro ya fito daga ban ɗaki ya tsoma hannu har wuyan hannu, kowa ya zo ya sha. Ki tafasa ruwan sha ko ki jefa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs yadda aka rubuta a jikin takardarta, ki jira minti 30, ki rufe randar, ruwan 'yan garuwa ma haka. Sabulu kuma ya zauna kusa da buta.

Idan kika ga gudawa fara tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, ga amai, ido ya faɗa, fatar ciki in an tsunkula ba ta komawa da sauri, to ko an sha rigakafi ko ba a sha ba, kada a jira gari ya waye. Kwalara na iya kashe babban mutum cikin 'yan sa'o'i. Ki narka ƙunshi ɗaya na gishirin gudawa a lita 1 ta ruwa mai tsabta. In babu, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ɗin. A riƙa ba shi kurɓi-kurɓi tun daga gida har a isa asibiti, ko yana amai a dakata minti 10 a ci gaba. Waɗanda suka iso da wuri aka yi musu ƙarin ruwa, wanda ke rasuwa a cikinsu bai kai 1 cikin 100 ba.