An sace kwamfutata a hanya, na gano ta a hannun wani: mene ne hukunci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na aika wa ƙanena kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannun kamfanin jigilar kaya. Kwalin ya isa an sake manne shi da salatef, amma babu ita a ciki. Kamfanin ya biya ni diyya. Daga baya manhajar Find My, mai gano na'urar da ta ɓace, ta nuna min inda take, wanda take hannunsa kuma ya ce saye ya yi. Ya halatta in bibiye ta haka? Sai na biya shi kafin in karɓa?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bin sawun kayanka halal ne, bai shiga cikin binciken asirin mutane da aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana ba, domin naka kake nema. Kana iya kulle ta daga nesa ko ka goge bayananka. Amma kunna kyamararta ka leƙa ɗakin mutum, ko karanta saƙonninsa, wannan kam haramun ne, ko da shi ne ɓarawon.

A nan nake so ka natsu, ɗan'uwa. Ɗigon da ka gani a taswira alama ce, ba shaida ba. Galibin irin wannan kwamfuta ba ta da GPS, ana kintatar wurinta ne daga Wi-Fi na kusa, shi ya sa ɗigon kan faɗa kan gidan maƙwabci. Ko ya yi daidai ma, inda kaya yake kaɗai ya nuna, bai nuna wanda ya ɗauka ba. Kada ka kira mutum ɓarawo a kan wannan, kada ka tara matasa ku dira ƙofarsa. Ɗauki rasit, da takardar jigila, da lambar shaidar kwamfutar (serial number) idan kana da ita, ka kai wa hukuma. Hujja tana kan mai da'awa, kai ne kuwa mai da'awar.

Idan ta tabbata taka ce, jumhurun malamai suna ganin za ka karɓe ta ba tare da biyan ko sisi ba, domin ɓarawo bai mallaki abin da ya sayar ba. Abu Dawud da Nasa'i sun ruwaito daga Samura ɗan Jundub cewa wanda ya sami ainihin kayansa a wurin wani shi ya fi cancanta da shi, mai saye kuma ya bi wanda ya sayar masa. In ka tausaya masa ka ba shi wani abu, kyautatawa ce, ba wajibi ba.

Saura diyya, wadda ba ka tambaya ba. Karɓarta daidai ne, tunda kwalin da aka buɗe a hannun ma'aikatansu sakaci ne ko ha'inci, kuma duka biyun suna wajabta lamuni, wato biyan abin da ya salwanta. Sai dai ba a haɗa kaya da madadinsa a hannu ɗaya. Ranar da kwamfutar ta dawo, ka sanar da kamfanin: ko ka mayar da kuɗin ka riƙe ta, bayan an cire maka abin da ta ragu na ƙima, ko ka bar musu ita idan yarjejeniyarku haka ta tanada.

Wallahu a'alam.