Ga katin inshora a hannu, ina zan kai Hajiya awo?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Mahaifiyata ta haura shekara 70, tana fama da hawan jini. Ina neman likitan da zai riƙa duba ta a kai a kai. 'Yan gida sun ce in kai ta Gee, tunda can manyan likitoci suke. Me ka gani? Daga wata 'yar'uwa a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ke kuma ya yi miki albarka. Ni dai ba zan ce ki fara da Gee ba. Gee, wato asibitin Komfo Anokye, asibitin koyarwa ne, can ake tura ciwon da ya gagari ƙananan asibitoci, kuma a tsarin NHIS, wato inshorar lafiya ta gwamnatin Ghana, daga ƙasa ake farawa, sai likita ya ba da takardar turawa. Don awon jini da na sukari kawai, bai kamata tsohuwa ta yi sammako ta wuni a kan benci ba. Ga asibitin Manhyia kusa da ku, ga na Tafo. In kin fi son na kuɗi, ki tambaya tun a bakin ƙofa ko suna karɓar inshorar gwamnati, don ba duka ke karɓa ba.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne wuri ɗaya. Yau nan, gobe can, kowane likita ya sake magani daga farko, wannan ne ke wahalar da iyayenmu. In fayil ɗinta yana wuri ɗaya, ko likitan ya canza, wanda ya zo zai ga awon watannin baya. Ki tafi da kwalayen magungunan da take sha, har da na gargajiya in akwai, kada a ɓoye. Ki kuma zauna tare da ita gaban likita. Tsofaffinmu da yawa in an yi musu bayani da Turanci ko Asantanci sai su ce "to", alhali ba su gane ba.

Masu shekara 70 zuwa sama an ɗauke musu kuɗin shekara na inshorar, amma katin yana mutuwa in ba a sabunta ba. Ki danna *929# a wayarki ki duba tun kafin ranar zuwa.

Tambaya: Malam, katina na aiki, amma da na je duba lafiya aka ce in biya kuɗin gwaji da na magani. Cuta ce ko ƙa'ida? Daga wani ɗan'uwa a Asawase.

Amsa: Ɗan'uwa, ya danganta da abin da ya kai ka. In takardar shaidar lafiya ka je nema don aiki, makaranta, biza ko lasisin tuƙi, inshora ba ta biyan wannan, aljihunka ne. Amma ganin likita saboda rashin lafiya, da gwajin da ke cikin tsarin, da maganin da ke cikin jerin magungunan NHIS, hukumar inshorar ta sha faɗa cewa ba a yarda a karɓi ƙari a kansu ba. Zazzaɓin cizon sauro, hawan jini da ciwon sukari duk suna ciki.

Kuma ba kyauta ake yi maka ba. Tun da aka kafa tsarin da dokar 2003, harajin inshorar lafiya (NHIL) na kashi 2.5 cikin ɗari da ke kan kayan da muke saya yana cikin abin da ke riƙe shi. Kuɗinka ne, kada kunya ta hana ka tambaya.

Kafin ka ciro ko sidi ɗaya, ka ce cikin ladabi: "Wannan yana cikin inshora ko ba ya ciki?" In sun ce maganin ya ƙare, ka karɓi takardar likita ka nemi kantin magani mai rajista da NHIS. In an rubuta maka mai tsada, ka tambayi likita ko akwai irinsa a jerin. Duk abin da ka biya, ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan gwajin ko maganin, domin da shi za ka kai kuka ofishin NHIS na gundumarku.